Hannun Auduga a Gidan Kunkuru

A unguwarsu ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Yara su ce Anti Allura, manya su ce Sista, waɗanda kuwa suka taɓa miƙa mata hannu a asibiti su ne suka laƙaba mata Hannun Auduga. Gajeruwar mace ce mai ɗan jiki, tabarau rataye da igiya a wuyanta, ga tafiya da sauri-sauri kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta. Aiki ɗaya ta yi duk tsawon ƙarfinta, wato ɗiban jini a babban asibiti, cikin wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda mai kujera ɗaya da koren labule da tsohuwar fanka mai kuka.

Ita ce 'yar fari a gidansu. Mahaifinta mai gyaran takalma ne, ya rasu tana budurwa. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, ita ta riƙe yaran da wankau da guga. Malamar makaranta Sista ta so zama, amma inda aka samu gurbi nan ta shiga, da ta shiga kuma sai aikin ya karɓe ta. Ba ta neman jijiya da ido. Takan ɗaura roba a dantsen mutum, ta kau da kai gefe, ta riƙa bi da ɗan yatsa tana jan sa da hira. Ƙaton namiji ya shigo yana muzurai, da ya hango allura sai gumi ya keto masa. Ita kuwa sai ta dubi ƙafarsa ta ce, "Wannan takalmin wa ya cuce ka ya sayar maka? Dubi dunduniyarsa." Kafin ya gama kare takalminsa ta manna masa auduga ta ce ya naɗe hannu.

"Har kin gama?"

"Da kwana ka zo yi?"

Mijinta tela ne, shagonsa na jikin gidan, ƙofa ɗaya ta buɗe titi ɗaya ta buɗe tsakar gida. Dogon mutum ne siriri mai son barkwanci, kullum da tef a wuya da fil a baki. Tana ce masa Malam, shi kuma ko a gida Sista yake ce mata, wai girmama mai allura wajibi ne ga mai son zaman lafiya. 'Ya'yansu sun girma sun watse, kowa da gidansa. Inna ce kawai ta rage tare da su, a ɗakin da ke kallon famfo, ita da rediyonta. Ba wanda ya san shekarun Inna daidai, har ita kanta. An dai san ta haura casa'in, kuma har yanzu ita ke wanke mayafinta da hannunta, don ta ce wankin 'yan zamani jiƙa kaya ne kawai.

Da lokacin ritaya ya yi, abokan aiki suka haɗa mata 'yar walima, aka ba ta agogon bango da fulas ɗin shayi. Makon farko ta yi barci. Na biyu ta wanke duk labulen gidan. Daga nan sai zama ya fara cizonta. Ta sauya wa kujeru wuri, ta mayar da su, ta sake sauyawa. Wata safiya Tela ya tafi sayen yadi, ta shiga shagonsa ta jera masa zare bisa launi, ta share ƙyallayen da ke ƙasa, ta zuba maɓallai a kwalabe. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da haɓa.

"Sista, ɓarayi ne suka shigo?"

"Gyara na yi maka."

"Ai da ɓarayin ne da sauƙi, su ko wani abu za su bari a inda na ajiye shi."

Ana cikin wannan hali wata matashiyar likita ta kawo farar rigar aiki a rage mata hannu. Tana zaune a benci tana jira, Sista ta leƙo da kofin shayi. Likitar ta zuba mata ido, can ta miƙe tsaye.

"Mama, ba ke ce Anti Allura ba?"

Ashe tana ƙarama ta sha jinya, kuma duk asibitin ba ta yarda kowa ya taɓa hannunta sai Sista. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka yi dariyar yadda Likita take shigewa ƙarƙashin benci tana yarinya. Da Likita ta ji Sista na zaune ba aiki, sai ta ce a cibiyar binciken da take aiki suna neman mai sauƙin hannu, safiya kawai, ba kullum ba.

"Majinyatanmu ba sa kuka, ba sa zagi, ba sa kai ƙara wajen shugaba."

"Jarirai ne?"

"Tsofaffi ne, Mama. Wasu sun girmi kakata."

Tela ya cire fil daga bakinsa ya ce, "Don Allah 'yata ki tafi da ita yau ɗin nan. Ɗinkin rigarki kyauta ne."

Cibiyar na can ƙarshen gari, inda motar haya ke juyawa. Gini ne mai hawa biyu, da fili a baya wanda aka kewaye da gajeren bango. Likita ta bi da ita ta baranda, ta buɗe wata ƙofar ƙarfe, sai ga ciyawa da rumfa da wasu manyan duwatsu masu ruwan ƙasa a warwatse. Sista na neman inda majinyatan suke, sai ɗaya daga cikin duwatsun ya ɗaga kai ya dube ta.

Ta yi salati ta koma bayan Likita. Ita fa duk abin da ke jan ciki ko rarrafe ba ta shiri da shi; ko ƙadangare ya shiga ɗaki sai an kira Tela.

"Kunkuru? 'Yar nan, kunkuru kika kira ni in yi wa allura?"

Likita ta riƙe hannunta tana dariya, ta zaunar da ita a inuwa ta yi mata bayani. Ta ce akwai dabbobin da tsufa ba ya cin su yadda yake cin mutum. Kunkuru kan haura shekara ɗari yana kiwonsa. Akwai jemagun da ba su kai tafin hannu ba amma sukan yi shekaru masu yawa, alhali ɓeran gida mai girmansu ɗaya bai cika wuce biyu ko uku ba. Abin da suke nema su gane shi ne yadda jikin waɗannan dabbobi ke gyara kansa idan ya samu lahani, ko wata rana a koya wa jikin mutum ya yi kamar haka. Kuma ba a ganin wannan sai a cikin jini.

Sista ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce za ta gwada mako ɗaya, don kada a ce ta watsa wa yarinya ƙasa a ido.

Wanda aka haɗa ta da shi likitan dabbobi ne da ake kira Dogo, mutum mai sanyin magana wanda duk rigunansa suna da tabon ganye. Shi ya gabatar mata da su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gabatar da dangi. Ga Sarkin Ci, ga Mai Fushi, ga wani da ake kira Direba saboda shi kaɗai ke zagaye filin ba dalili. Babbar cikinsu mace ce, ƙoƙon bayanta ya kai faɗin babban faranti sau biyu, ya yi santsi kamar tsohon turmi. Daga wani gidan namun daji da aka rufe aka kawo ta, kuma tun kafin can ma ta daɗe a hannun mutane. Dattijuwa suke kiranta.

Ranar farko Sista ta ɗauki sirinji da ƙarfin gwiwarta, ta durƙusa gaban Dattijuwa. Dattijuwa ta dube ta sau ɗaya, ta ja numfashi, ta shige ɗakinta da kai da ƙafafu. Ba hannun da za a ɗaura wa roba, ba takalmin da za a kushe. Sista ta ƙwanƙwasa ƙoƙon da yatsa ta ce, "Salamu alaikum." Shiru. Haka suka zauna har rana ta take.

Da aka samu wani ƙarami ya miƙo wuya, sai ta tarar fatar kamar tsohuwar jakar fata, yatsanta bai ji komai a ƙarƙashinta ba. Ta soka inda take zato, abin da ya shigo sirinjin ya zo jini-jini ruwa-ruwa. Dogo ya ɗaga shi a haske ya ce a hankali, "Wannan ba zai yi ba, Anti. Kin haɗa da ruwan jiki. Kowa da haka yake farawa." Bai faɗa da wulaƙanci ba, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Rabon da a ce mata ta kuskure jijiya tun tana ɗaliba.

Ta koma gida. Tela ya lura ba ta taɓa abincinta ba, ya tambaya, ta faɗa masa. Ya yi ƙoƙarin riƙe dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Yi dariyarka, Malam, kada ta shaƙe ka."

"A'a, ni tausayi nake ji. Shekara da shekaru kina firgita maza, yau ga wadda ta rufe miki ƙofa a fuska."

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta ce wa Dogo ya ɗauke ta kamar ba ta taɓa riƙe allura ba. Ya koya mata a bar su su sha hantsi tukuna, don jikinsu ya yi ɗumi jini ya gudana. Ya nuna mata inda jijiyar wuya take kwance, da yadda ake tallafe kai ba tare da an ja shi ba, da yadda ake sosa musu ƙarƙashin haɓa har su miƙe wuya da kansu suna lumshe ido. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne jira. Mace ce da ta saba da layi a bakin ƙofa, kowa na cewa a yi sauri. Nan kuwa ba mai sauri sai ita. Ta koyi zama a kan 'yar kujera da yankan kankana a hannu, tana ba Dattijuwa labarin tsadar kayan miya da ciwon gwiwarta. Mako ɗayan da ta ce ya wuce ba ta ma lura ba.

Ranar da Dattijuwa ta miƙo mata wuya, ta bar ta ta soka, jini ya hau sirinji ja wur, Sista ta zuba shi a 'yar kwalba ta rufe. Sannan ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ce wa Dogo, "Rubuta a jikin kwalbar. Ka rubuta da kyau."

Sannu a hankali ta san sauran ɗakunan. Akwai na jemagu, mai duhu-duhu, inda suke rataye kamar ƙananan lemomin ruwan sama da aka naɗe. Akwai wani ɗaki mai ɗumi da ake shiga a hankali ba a buga ƙofa, inda wasu ɓerayen ƙarƙashin ƙasa marasa gashi ke kai da kawowa cikin bututun gilashi, jikinsu duk tamoji, haƙora a waje. Likita ta ce waɗannan sukan kai shekara talatin, kuma da wuya ciwon daji ya kama su. Sista ta leƙa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah mai iko. Ya hana su kyau ya ba su lafiya."

A unguwa kuwa labari ya canza kama tun kafin ya kai ƙarshen layi. Aka ce Sista na aiki inda ake haɗa maganin tsufa. Mai aski ya tare ta a hanya, ya rage murya ya ce idan an fara rabawa ta tuna da shi, shi ba ya son da yawa. Wata maƙwabciya da ke rina furfura ta aiko da 'yar roba wai a ɗan sammata. Sista ta gaji da cewa babu wani magani, bincike ne kawai. Da ta faɗa sai su gyaɗa kai irin na waɗanda suka gane ana ɓoye musu.

Tela ya fi kowa. Ya tambaye ta me kunkuru ke ci, ta ce ganye da kabeji. Ya tambaya me yake yi duk yini, ta ce ba komai. Sai ya ce to ai an gama bincike, shi ya gano sirrin. Ya sayo kabeji ƙulli guda yana ci ɗanye a shago, yana taka keken ɗinki kamar mai jin barci. Mai kaya ya zo karɓar riga, Tela ya ce masa, "Haƙuri za ka yi, yanzu ni tsawon rai nake nema." Bai daɗe a haka ba cikinsa ya kumbura kamar ganga, ya yini yana zarya bayan gida. Inna ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Kai dai ko kunkurun ne, wahalalle ne." Da yamma ya nemi shinkafa da nama, bai sake tayar da zancen ba.

Bayan an ɗauki lokaci, cibiyar ta fara neman jinin mutanen da suka tsufa ƙwarai kuma suna kan ƙafafunsu, don a gwada da na dabbobin. Likita ta tambaya ko Inna za ta yarda. Sista ta kai maganar gida tana rarrashi, Inna ta rage muryar rediyo ta saurara har ƙarshe.

"Jinin nawa guda nawa ne da za a ɗiba a kai wa kunkuru?"

"Ba ba shi za a yi ba, Inna. Dubawa za a yi."

"Kuma kin ce akwai wadda ta girme ni a can?"

"Haka suka ce."

"Ƙarya ne. Duk wanda ya girme ni na je gaisuwarsa." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Sai na gan ta da idona. In ta girme ni, ku ɗiba."

Aka sa rana. Tela ya rufe shago ya samo mota, Inna ta sa aka ciro mata mayafinta na fita daga ƙasan akwati. A bakin cibiyar an tanadi keken tura marasa lafiya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce a ba mai bukata. Da sandarta ta bi barandar, Sista a dama, Tela a hagu, ma'aikata na leƙowa daga ofisoshi suna gaishe ta.

Dattijuwa na bakin rumfa tana shan hantsi. Aka ajiye wa Inna kujera a gabanta. Suka dubi juna. Kowa ya zaci za ta shige ƙoƙonta kamar yadda take yi wa baƙi, amma ta ci gaba da tauna ganyenta, ido a kan tsohuwar. Inna ta sunkuya ta ƙare mata kallo, wuyan nan mai ninki-ninki, idanun nan masu ruwa.

"To," in ji Inna. "Wannan kam yaya ce. Ina kwana, Yaya?"

Dogo ya juya baya yana dariya. Inna ta kira shi da sanda.

"Kai dogon nan, tana da haƙori?"

"Ba ta da shi, Kaka. Su haka ake haihuwarsu."

"Shi ya sa hankalinta a kwance. Ba ta san baƙin cikin zubewarsu ba. 'Ya'ya fa?"

"Ta yi da yawa. Har yanzu takan yi ƙwai."

Inna ta riƙe baki. "Har yanzu? Kai, Yaya, ki ji tsoron Allah."

Sai da dariya ta lafa ta juya wajen Likita, fuskarta ta sauya. Ta ce ita tana da tambaya ta gaskiya. Ta ce duk ƙawayenta sun tafi, ƙannenta sun tafi, wanda za ta ce wa "kin tuna" babu. Idan ƙarin kwana za su yi wa mutane, su sani kwanan ba shi da daɗi in kai kaɗai ne a ciki, balle a ce kana kwance ana juya ka.

Likita ta durƙusa kusa da kujerar. Ta ce, "Kaka, ni ma ba wannan nake nema ba. Kakata ta yi shekaru a kwance, ba ta gane kowa, ni nake ba ta abinci a baki. Shi ya sa na shiga aikin nan. So nake mutum ya tsufa kamar ke, yana wanke mayafinsa, yana yi wa surukinsa faɗa. Kuma in an dace, ba mutum ɗaya za a yi wa ba. Da ke da ƙawayen naki ne."

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ture mayafi ta miƙa hannu. "Ɗibi."

Sista ta jawo tire, ta ɗaura robar. Sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa ɗiban jinin mahaifiyarta ba. Inna ba mai zuwa asibiti ba ce. Hannun ba nauyi, kamar busasshen kara. Fatar ta yi laushi ta yi sheƙi, jijiyoyin duk a fili, ko makaho ya gan su. A gefen wuyan hannun ga tsohon tabon dutsen guga, ga yatsun da sabulu ya cinye wa zane. Da wannan hannun aka biya mata kuɗin makaranta. Ta ɗauki allura, sai ta ga bakin allurar na rawa. Ta sauke. Ta sake ɗauka, bai daina ba.

"Anti, ko in karɓa?" in ji Dogo a hankali.

"Ba mai taɓa ni sai ita," in ji Inna. Ta dubi 'yarta. "Ke, mene ne? Ni da na haife ki ban yi rawar jiki ba, sai ke da ɗan tsinken nan? Soka mu tafi, na bar rediyona a kunne."

Sista ta yi dariya, hawaye na gangarowa ƙarƙashin tabarau. Hannunta ya daina rawa. Ta soka, ta ɗiba, ta manna auduga, ta riƙe wurin da babban yatsa fiye da yadda ake bukata. Inna ba ta janye ba.

A mota Inna ta yi ta ba Tela labarin Yaya kamar ba ya wurin. Daga ranar kuma duk safiyar da Sista za ta fita sai Inna ta ce a gaida mata Yaya, wani lokaci har da ɓawon kankana a leda. Ta ƙara damina uku a duniya. Wata safiya ta wanke mayafinta ta shanya, ta sha shayi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Sista ta shiga kiranta da hantsi ta tarar ta tafi, rediyo na yi a gefen filo. An yi kuka, amma irin kukan da ake yi ana ba da labarin mamaci ana murmushi. Likita da Dogo sun zo gaisuwa, suka zauna a tabarma tare da dangi har yamma.

Sista ta koma aiki bayan an share makoki. Binciken na tafiya irin tafiyar masu gidan, wato kunkuru. Wata rana Likita ta fito daga ɗakin gwaji da gudu, ta ce sun ga wani abu a ƙwayoyin jinin kunkuru, wata hanya da suke bi su gyara kansu, kuma akwai alamarta a jinin wasu daga cikin tsofaffin. Aka sayo lemo da biskit aka sha a baranda. Sista ta tambaya ko yanzu za a yi maganin. Likita ta ce tukuna, da sauran tafiya mai nisa, wataƙila sai jikokinsu, wataƙila ma a tarar hanyar ba ta ɓulle ba. Sista ta ce to madalla, ta ƙara biskit. Ba ta ji an rage ta da komai ba. Tana da wurin zuwa da safe, tana da waɗanda ke jiran ta, gwiwarta na ciwo amma tana kai ta bakin titi.

A ƙarshen wata damina Dogo ya tare ta tun daga ƙofa, ya ce ta zo ta gani. A cikin wani akwati mai yashi da fitila a sama, ƙwai sun fashe. 'Yan kunkuru ne ƙanana, kowanne bai fi murfin kwalba girma ba, suna ta hawa kan juna. Ya ɗora mata ɗaya a tafin hannu. Ƙoƙonsa da taushi, ƙafafunsa na yi mata cakulkuli.

"Waɗannan kuma ta ina zan samu jijiyarsu?"

"Ba yanzu ba, Anti. Sai sun yi ƙwari. Yau alama kawai za mu sa musu don a bambance su." Ya ciro kwalaben jan farce kala-kala daga aljihu. "Waɗanda za su ga tsufan waɗannan ba a haifi iyayensu ba tukuna."

Sista ta sa tabarau, ta zaɓi shuɗi, ta ɗiga wa na hannunta ɗigo ɗaya a baya. Ɗan kunkurun ya tsaya cak, ya saki fitsari a tafinta.

"Ka ga mara kunya," ta ce. "Miƙo min tsumma, Dogo, ka kawo na gaba."